Maganin da muke zubawa a ruwan kaji, da abin da yake jawo mana a Jos

Shekara uku kenan da na yi wata asara da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kajin ƙwai ne guda 400, sun kai sati 19, ana gab da fara tsintar ƙwai, na shiga ɗaki da safe na tarar da uku a ƙasa, washegari bakwai, sauran kuma sun takure sun saki fukafukai, kashinsu ruwa-ruwa kalar ɗorawa da ɗan kore a ciki. Na garzaya wani shagon maganin dabbobi a cikin gari, yaron shagon ko sati nawa gare su bai tambaya ba, ya miƙo min leda biyu yace Alhaji haɗa wannan da wannan a ruwa, kwana uku za ka ga aiki. Ban ga aiki ba. Na koma aka canja min wani, na sake komawa aka ƙara min da allura. Sai da na binne sama da 90 sannan wani abokina yace haba Malam, kana Jos, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom nan ko awa ɗaya ba za ka yi a hanya ba, ka ɗauki gawar ka kai a buɗe mana. Aka buɗe, hanta ta kumbura ta koma kalar tagulla, saifa ma ta yi suntum, aka ɗebi samfur aka shuka shi a ɗakin gwaji don ƙwayar cutar ta tsiro a gane ta, bayan kwana uku sakamako ya fito, taifot ɗin kaji ne, Salmonela, kuma a cikin magungunan da aka gwada a kanta, biyun farko da na kwashe kwanaki ina zubawa ko gezau ba sa sa ta yi.

Tun daga lokacin na shiga bin likitocin dabbobi da tambaya, kuma abin da na fahimta shi ne matsalarmu daga baki ma take farawa. Da Hausa komai ƙwayar cuta ne, suna ɗaya, shi ya sa a ƙwaƙwalwarmu maganinsu ma ɗaya ne. Alhali bakteriya daban, bairos daban. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana rabuwa biyu, irin su Ikolai in suka samu ɗumi da danshi cikin minti 20 ɗaya ta zama biyu, ka lissafa abin da zai faru a mazubin ruwan da ya kwana ba a wanke ba. Antibayotik, wato irin maganin nan da muke zubawa a ruwan kaji, aikinsa ya fasa bangon jikinta ko ya hana ta haɗa abin da take rayuwa da shi. Shi kuwa bairos ba shi da bangon ba shi da komai da maganin zai kama, cikin jikin dabbar yake shigewa ya mayar da shi masana'antarsa. To cutar fakat ta kaji bairos ce, gumboro bairos ne, murar tsuntsayen da ta fara ɓulla a Najeriya a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna bairos ce, zazzaɓin aladu na Afirka, farbo da ke sa ƴan kwikwiyo zawon jini, haukan kare, duk bairos ne, ko buhun antibayotik ka juye ba zai taɓa su ba. Koksi mai kashin jini kuma ba ya cikin ko ɗaya, wata halitta ce daban da maganinta daban.

Abin da ke ruɗar mutane, kuma ban ga laifinsu ba, shi ne wani lokacin sai ka zuba maganin a kan cutar bairos ka ga mutuwa ta ragu. Ba bairos ɗin ka kashe ba, shi ya riga ya karya garkuwar jiki ya buɗe ƙofa, bakteriya ta biyo baya ta ƙarasa aiki, ita maganin ya tare. Sai mutum ya riƙe a ransa cewa wannan ledar ita ce maganin fakat, ya faɗa wa maƙwabci, maƙwabci ya sa a gurup ɗin WhatsApp na masu kaji, shikenan ta zama doka.

Bari na fara da kaji tunda su na fi sani. Salmonelar da ke kashe kaji iri biyu ce. Akwai ta ƴan tsaki, wadda za ka ga farin kashi ya manne musu a dubura, suna taruwa kusa da wuta suna kuka, mutuwar ta fi yawa a sati biyu zuwa uku na farko. Akwai kuma taifot ɗin da ya same ni, ya fi kama waɗanda suka tasa. Mugun halinsu su biyun shi ne suna bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, wato kana iya sayen cutar a cikin kwalin ƴan tsakin da aka yo maka dakonsu tun daga Ibadan, ba ka yi laifin komai ba. Sannan kazar da ta warke ba lallai ta rabu da ƙwayar ba, tana nan da ita a jiki tana zubarwa, ranar da ka kawo sabbi ka haɗa su sai labari ya dawo sabo. Akwai rigakafin taifot ɗin kaji, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take wurin tun 1924, tana cikin masu yin sa, da na kwalarar kaji, amma da yawanmu jadawalin rigakafinmu daga Lasota na fakat da na gumboro ya tsaya.

Ga wani abu da ya kamata a gyara a tunani. Taifot ɗin kaji ba shi ne taifot ɗin da ke kwantar da mutum ba, namu daga mutum zuwa mutum yake bi ta gurɓataccen ruwa da abinci. Amma kar wannan ya sa a saki jiki, don akwai wasu dangin Salmonela da kuma wata da ake kira Kamfilobakta da ke zaune a hanjin kaza lafiya lau, kazar na ci tana sha tana ƙiba, ba ta nuna komai, amma in suka shiga cikin mutum ta ɗanyen ƙwai ko naman da bai dahu ba ko wuƙar da aka fige kaza aka yanka tumatir da ita, sai gudawa da zazzaɓi. Babba mai ƙarfi yakan warware cikin kwanaki. Yaro ƙarami, musamman mai sikila ko wanda maleriya ko tamowa ta riga ta raunana, ƙwayar kan iya shiga jininsa, kuma wannan kam ba wasa ba ne.

Inda mu ƴan Jos muka fi shan wahala shi ne numfashi, kuma sanyinmu ne sila. Disamba da Janairu in hunturu ya sauko, kowa leda yake sa ya naɗe ɗakin ƴan tsaki ruf, a kunna gawayi a tukunya, a toshe duk wata kafa don kar sanyi ya kashe su. Niyyar mai kyau ce, amma diddigar katakon da ke ƙasa ta jiƙe da kashi da ruwan da ya zube, warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye ya taso, babu inda zai fita. In kai da kake tsaye ka ji shi a hanci, to ka tuna kazar hancinta a ƙasa yake, kwana take a ciki. Wannan iskar tana ƙona ƴan gashin da ke share maƙogwaro, sai Ikolai da dama tana nan a cikin ƙura da kashi ta samu hanya ta wuce har jakar iska, in aka buɗe gawar za ka ga wani farin abu kamar cuku ya lulluɓe zuciya da hanta. A nan ko ka samu maganin da ya dace ka kashe na yau, gobe wasu za su shiga, tunda ɗakin ne ke da ciwo ba kajin kaɗai ba. Ni yanzu sama nake buɗewa in bar ƙasa a rufe, kuma duk inda diddiga ta jiƙe a ranar ake kwashe ta.

Sai CRD, ciwon numfashi mai daɗewa, wannan minsharin da kake ji da daddare in ka tsaya a bakin ɗaki. Maikofilazma ce ke kawo shi, ita kuma bakteriya ce da ba ta da bango kwata-kwata, shi ya sa fenisilin da amoksisilin, waɗanda aikinsu fasa bango ne, ba su da abin yi a kanta. Tailosin da doksisaikilin kan kwantar da ita amma ba sa fitar da ita, garken da ya kamu ya kamu kenan, kuma ita ma tana bin ƙwai. Koraiza kuwa fuska ce ke kumbura, ido ya rufe, majina mai ɗoyi, ba ta cika kisa ba amma ƙwai zai faɗi ƙasa warwas, kuma ta fi zama a gonar da ake haɗa tsofaffi da sabbi. Kwalarar kaji ita ce ta mutuwar farat ɗaya, ka bar kaza da ƙibarta da yamma ka tarar da ita da safe. A kanta ne ma Luwi Fasto na Faransa ya gano yadda ake raunana ƙwayar cuta a yi rigakafi da ita wajen 1880, shi ya sa ake kiran ƙwayar Fasturela. Ɓera da mage da kare duk suna iya ɗauko ta a baki su kawo ɗaki, musamman in ana jefa musu mushen kaji, abin da kusan kowa ke yi.

To aladu. Na san wani zai ce mu ina ruwanmu. Ni ma ba na kiwonsu ba na ci, amma gonata a bayan gari take, tsakanina da wani dattijo mai aladu kusan talatin katanga ce kawai da wata kwata, in aka yi ruwan Agusta abin da ya fito daga wajensa ta gefena yake bi, nawa ma ta gonar wani yake wucewa, ɓeran da ya ci dusa a wajensa da daddare shi ne ke shigowa sito na, kuma shago ɗaya muke sayen magani. Duk wanda ya san Jos ya san haka zaman yake. Kuma asarar talaka asara ce, mutumin nan da kuɗin aladun ya yi wa ƴaƴansa makaranta.

Wata rana na same shi hankali tashe, yace min Alhaji ciwon nan ya shigo, yana nufin zazzaɓin aladu na Afirka, wanda tun shigowarsa Najeriya a 1997 yake share garke, ba magani, in ya shigo sai dai a yi haƙuri. Nace Baba kafin ka kira mahauta ka kira dokta. Da likitan ya zo ya duba sai ga wasu jajayen tabo masu kusurwa huɗu sun taso a bayan aladun kamar an buga hatimi. Erisifelas ce, bakteriya, kuma fenisilin na nan mai arha yana kama ta, cikin kwana biyu waɗanda suka kwanta suka miƙe. Ka ga inda rashin bambancewa ke cuta ta fuska biyu: mai bairos yana ƙona kuɗi a kan allurar da ba za ta yi ba, mai bakteriya kuma yana karyar da dabbar da za ta warke. Mafi muni shi ne al'adar nan ta in ciwo ya shigo a yi maza a loda su a kai kasuwa, wasu har Katsit ta wajen Kafanchan, wato a raba wa kowa. Ita erisifelas tana kama talo-talo ma, kuma tana shiga yatsan mahauci ta ɗan yanka ya kumbura ya yi ja.

Akwai wata a aladu da ta fi ba ni tsoro saboda masu yanka, Sitireftokokus ta alade. A ƴan aladun da aka yaye tana sa su faɗi gefe suna harba ƙafa kamar masu tuƙa keke. In ta shiga mutum ta ciwo a hannu sanƙarau take kawowa, wanda ya tsira ma sau da yawa kurumta ke biyo baya. A 2005 a lardin Sichuwan na ƙasar Sin ta kama sama da mutum 200, kusan 40 suka rasu, yawanci waɗanda suka yanka ko suka gyara aladun da suka yi ciwo ne. Safar hannu ta roba nawa take.

Sai zawon ƴan aladu bayan yaye, wanda Ikolai ke kawowa, kuma ta nan ne labarin ya haɗe da asibitin mutane. Shekaru da yawa kolistin ake zuba musu a abinci a ƙasashe da dama. Shi kolistin a wajen mutane maganin ƙarshe ne, wanda likita ke ɗaukowa in komai ya ƙi, duk da yana wahalar da ƙoda. A ƙarshen 2015 masu bincike suka sanar da cewa sun gano a aladun ƙasar Sin wani ɗan guntun gado da suka sa wa suna mcr-1, wanda ke sa bakteriya ta daina jin kolistin, kuma abin tashin hankalin shi ne guntun nan bakteriya na miƙa wa juna shi kamar yadda ake tura fayil daga waya zuwa waya, ba sai uwa ta haifa ba, har tsakanin jinsi daban-daban. Sin ta hana sa kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017. An riga an samu mcr-1 a kaji a Najeriya. Amma je ka duba bayan ledojin da ke shagunanmu ka ƙirga guda nawa ne ke da kolistin a ciki, har da waɗanda muke saye da sunan bitamin ko maganin gajiya muna ba ƴan tsaki kwana biyar na farko ba tare da suna ciwon komai ba.

Haka enrofuloksasin. A jikin dabba wani ɓangarensa yana komawa sifro, sifron nan dai da ake rubuta mana in an ce taifot ko ciwon mara. Amurka ta hana ba kaji shi tun 2005 saboda Kamfilobaktar da ke kama mutane ta fara ƙin ji. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don ƙiba tun 2006. Mu a nan ko takardar likita ba a tambaya.

Karnuka da maguna ba zan daɗe a kansu ba, amma abu uku. Na ɗaya kaska. Karen gadi ya rame, ya ƙi abinci, dasashi ya yi fari, wani har haɓo, sau da yawa Elikiya ce, bakteriyar da kaska ke sa wa a jini, kuma maganinta doksisaikilin ne na kwana 28 cur, ba allura ɗaya ba, mutane na ganin ya fara cin abinci a kwana na biyar sai su tsaya, ciwon ya koma ya ɓuya. Akwai wata cutar kaskar mai kama da ita da ba bakteriya ba, sai gwajin jini ke raba su. Na biyu fitsarin ɓera, Leftosifaira. Da damina take tashe, tana lalata ƙoda da hanta, idon kare ya yi shawara, tana sa aladu ɓari, kuma tana shiga mutum ta tsagar ƙafa in ya taka ruwan kwata ba takalmi, sai a yi ta maganin maleriya ba sauƙi. Tana cikin allurar rigakafin shekara ta karnuka, ga wanda ke yi. Na uku cizon mage. Haƙorinta kamar allura yake, ramin ƙarami amma ya yi zurfi, Fasturelar nan dai ta kwalarar kaji tana bakinta, kafin kwana ɗaya hannu ya kumbura. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti, don ban da bakteriya akwai batun haukan kare. Kuma dan Allah masu ɓare kafso ja da yalo a tura wa kare a cikin tuwo, da masu ba mage farasitamol, a daina, farasitamol kashe mage yake yi.

Yadda ƙin jin magani ke faruwa ba wani sihiri ba ne. Ka zuba rabin abin da aka rubuta don leda ta kai, kazar da ta fi ciwo ita ce ba ta shan ruwan ma, kwana uku ka ga sauƙi ka tsaya. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kan sun rage, filin ya zama nasu su kaɗai. Shi kansa Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi gargaɗin shan abin da bai kai ba tun a 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa. Ba na cewa duk daga gona ne, kemis da yadda mu kanmu muke shan magani suna da kaso babba. Amma gona tana ciki, kuma a Filato hanyar a bayyane take: kaso mai yawa na maganin yana fita a kashi da ƙarfinsa, tare da ƙwayoyin da suka tsira, mu kuma buhu-buhu muke sayar da kashin kaji ga masu dankali da kabeji da latas da karas, a watsa shi ɗanye a lambu, kayan su sauka kasuwar Farin Gada ta Jos, mota ta ɗauka zuwa Abuja, a yanka salak. In da za a tara kashin a rufe ya yi zafi na wasu makonni kafin a kai gona, da an rage da yawa.

Abin da har yanzu ke damuna, kuma na kasa ganin mafitarsa a hannun mai gona shi kaɗai, shi ne kwanakin jira. Kowane magani an rubuta a jikinsa kwana nawa za a jira kafin a ci nama ko ƙwai, wasu ma an rubuta kar a ba kazar da ke ƙwai sam, kuma dafawa ba ta kawar da ragowar duka. Mai kaji 400 yana tsintar kiret goma sha ɗaya a rana, ka ce ya zubar na sati guda, kusan kiret 80 kenan, ga bashin abinci a wuyansa, ba inshora ba tallafi, ba kuma wanda zai ƙara masa ko sisi don ƙwansa tsaftatacce ne. Wallahi na san masu tsoron Allah da suka sayar suna kuka a zuci. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, kuma in ana son ta taɓa rayuwar irinmu to nan ne wurin, gwaji mai arha kusa da mutane, da sa ido a kan masu ƙyanƙyasa don kar a riƙa sayar mana da Salmonela a kwali, da hana sayar da irin su kolistin kamar gishiri.

Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne mu rage buƙatar maganin tun farko: ruwa mai tsafta da aka sa wa kulorin, mazubi a wanke kullum, a yaƙi ɓera, mushe a binne da zurfi ko a ƙona, sabuwar dabba a ware ta sati biyu zuwa uku, mai sayen ƙwai da mai kwasar kashi su tsaya a bakin get don daga wata gonar suke. In kuma mutuwa ta fara, kai gawa gwaji ya fi arha a kan leda uku ta canki-canka, sakamakon shuka kwana biyu zuwa uku ne, likita zai iya ba ka abin riƙewa kafin nan. Ka ɗauki wadda ta mutu yanzu-yanzu, ko ma mai rai da ciwon ya ci ƙarfinta, biyu ko uku, ka sa a kula da ƙanƙara amma kar ka daskarar a firiza, kuma in da hali kafin ka fara zuba komai a ruwa. In ka riga ka fara to ka tafi da ledojin a hannu, don su za a fara tambayarka.